Man Shanun Baba da Waken Soya

Zuwa ga Yaya Sani, a Makurdi,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin jirgin ƙasa, ya maiɗakinka da yara? Mu nan Unguwar Kanawa lafiya, sai dai ƙirjin Baba.

Likita ya hana shi man shanu, wai kitsen yana toshe hanyar jini. Inna ta ce ƙarya ne, da shi aka raine mu. Jiya na kama ta tana zuba masa a tuwo, na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo.

Na karanta a jarida cewa waken soyan wajenku yana da mai marar nauyi a jiki. Wake da mai! Na samo a kasuwa, na jiƙa, na niƙa, na tace, na dafa, sai ga shi fari kamar nono. Baba ya kurɓa ya ce, "Audu, wannan saniyar taka yunwa take ji." Amma ya shanye.

Don Allah tambayi manoma yadda ake fitar da mansa, kuma me Turawa suka gani suke kwashe waken zuwa ƙasarsu? Ka amsa da wuri, Inna ta sake sayo man shanu.

A sa Baba a addu'a. Gai da kowa.

Ƙaninka,
Audu