Makin da Ya Dawo da Zakiyya

Litinin, 5 ga Yuni, 1995
Na je Birnin Kebbi. Wani likita daga jami'a ke binciken masu irin ciwona, gajiyar da barci ba ya maganinta. Ba a yi allura ba, ba a ɗebi jini ba. Wata nas, Riskuwa, ta zaunar da ni da takardar tambayoyi. Kina iya wanka da kanki? Kina iya durƙusawa? Kina iya hawan bene? Na ce gidanmu a Argungu ba bene. Ta yi dariya, ta ce in kwatanta. Amsa iri uku ce kawai: da wuya sosai, da wuya kaɗan, ba wuya. A ƙarshe a haɗa maki, kamar yadda nake yi wa 'yan aji huɗu kafin in bar koyarwa.

Alhamis, 8 ga Yuni
Tun dawowata ban tashi ba. Ko kofin ruwa nauyi yake mini.

Asabar, 10 ga Yuni
Malam, maigidana, ya zo hutun mako daga wurin aiki. Ya ce ya ga likitan, makina ƙasa yake. In ya hau, za a dawo da Zakiyya daga Augie, wurin ƙanwarsa Laure. Tun yaye take can, don ba na iya ɗawainiyarta. 'Yar fari ce, ba ni da bakin cewa a kawo mini ita, ko sunanta ba na kira a gaban mutane. A nan kaɗai nake rubutawa. Zakiyya. Ina kewarta, ko dai ina tuna cewa ina kewarta.

Lahadi, 23 ga Yuli
Ruwa ya cika fadama, kowa na gonar shinkafa. Na daina zuwa biki, na daina zuwa gaisuwar mutuwa. Daka ma na bar wa maƙwabta. Salla a zaune. Ciwon kai ya ragu tunda ba na yin komai.

Litinin, 4 ga Satumba
Zuwa na biyu. Sai da na kwanta mako guda ina tara ƙarfin tafiyar, na yi wanka, na sa kwalli. Riskuwa ta ce na yi kyau. Tambayoyin dai su ne. Wanka, ina iyawa. Tafiya zuwa bakin titi, ina iyawa, ga shi yau na yi. Ta tambaya ko ciwon ya hana ni ayyukan da na saba a watan nan. Na duba, ban ga aikin da na saba ba sai kwanciya, na ce bai hana ba. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba.
Na ce mata, “Malama, ba inda za a rubuta abin da ka samuna gobe in na yi waɗanga yau?”
Ta juya takardar gaba da baya. Ta ce babu gurbinsa, amma za ta faɗa wa likita.

Asabar, 9 ga Satumba
Maki ya hau. Malam ya shigo da tsire yana ta hamdala. Ina kwance tun Talata, ya ce gajiyar mota ce. Ban gyara masa ba.

Juma'a, 15 ga Satumba
Laure ta kawo Zakiyya. Ta yi tsawo, an yi mata kitso ƙanana. Ta ɓoye bayan Laure tana leƙo ni. Da Laure ta yi mini sallama ta fita, na jawo ta na shinshina kanta. Ƙamshin man shanu. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ya zo kaɗan.

Laraba, 20 ga Satumba
A Augie an saba mata da goyo, ba ta barci sai a baya. Litinin na goya ta daga ɗaki zuwa gindin dalbejiya na dawo. Na iya. Jiya da yau kuwa ko kaina ban iya ɗagawa ba. Ta tsaya bakin gado da zanen goyo a hannu, tana miƙo mini tana kuka, har muryarta ta dishe. Ina kallonta. Da ta gaji ta fita tsakar gida, kuma murfin rijiyarmu ya daɗe da karyewa. Ina jin takunta, ina kiranta, murya ba ta fita. Matar Maliki maƙwabcinmu ce ta shigo aron rariya ta ɗauke ta.

Talata, 26 ga Satumba
Laure ta zo jiya ta tafi da ita. Ni na aika, Malam bai sani ba sai da ya iso. Yarinyar da gudu ta hau bayanta, ba ta waiwayo ba. Na yi barci har la'asar.
Malam ya zauna bakin gado. Ya ce, “To ai takarda ta ce kin samu sauƙi. Yaushe za a maido ta?”
Na ce a bar ta, ta saba da can.