Takardar da Na Sa a Aljihu

Ɗana Gyu-tae zai zo! Ranar Asabar zai zo bakin kogi tare da 'yarsa Da-som, kuma da kayan sikawut yarinyar za ta zo! Ita ta kira ni ranar Litinin, ko gaisuwa babu, ta ce, “Kaka, Baba ya sa hannu. Ya ce kai za ka ɗaura min ƙyallen wuya, in dai hannun naka bai manta ba.” Na ce mata, ke 'yar kwikwiya, hannun nan ya iya ƙulli tun ubanki bai iya fyace majina ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sai da 'yata Hye-ran ta rugo daga kicin.

Ku yi haƙuri, ban gaishe ku ba. Gyu-tae, Hye-ran, Gyu-man, ina gaishe ku da iyalanku. Ni ne mahaifinku Seok Pan-gil, shekarata saba'in da tara. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau, babu wanda ya tsara mini magana. Huhuna ne ya ƙare. Ƙurar kwal ta shekara ashirin da shida a cikin rami ta gama aikinta, likita ya ce kada in sa ran ganin dusar ƙanƙara ta bana. Ga abin da na bar muku.

Na ɗaya. Gidan na Hye-ran ne, ita ta bar aikinta ta dawo tana goge mini baki. Gonar barkono da kabeji ta Gyu-man ce. Ku binne ni gefen mahaifiyarku. Kada ku sa mini kayan sikawut, ko da tsofaffin yarana na sikawut sun roƙa. Za ku ga dalili a ƙasa.

Na biyu. Kayan rundunar sikawut suna ɗakin baya: tanti shida, tukwane huɗu, gatari biyu, igiyoyi da tuta. Tun da aka rufe ramin kwal yara suka ƙare a garin nan, rundunar ma ta mutu, amma duk bazara ina shanya kayan. A kai wa rundunar Da-som a birnin Ulsan. Ku gaya wa shugabansu kada a naɗe tanti da danshi, kuma turakun da na fere da itacen dutse sun fi na ƙarfe riƙe yashi. Usur ɗina na Da-som ne. Tanti mai lamba huɗu kada a ba kowa. A ƙone shi.

Na uku, kuma saboda shi na ɗauki biro. A aljihun hagu na tsohuwar rigata ta sikawut akwai takarda a naɗe, ta yi shekara talatin da huɗu a wurin. Gyu-tae ya san da ita. Ku biyun ba ku sani ba.

Duk tasowarku kun san ni da “na manta tabarau, karanta mini.” Idona lafiya lau yake. Ban iya karatu ba ne. Yaƙi ya cinye iyayena ina ɗan shekara shida, ban taɓa zama a aji ba, kuma mahaifiyarku kaɗai ta sani. A runduna Malam Yeo na makarantar firamare ke riƙe takardu, ni kuwa nawa ƙulli ne da hura wuta da kafa tanti a cikin iska. Yara suna ce mini Shugaba. Mutumin da ya wuni baƙi ƙirin a ƙarƙashin ƙasa, a ce ran Asabar ya sa riga mai guga yara suna sara masa, ba zan iya gaya muku daɗin wannan ba.

A watan Agusta na 1989 muka kai yara ashirin da uku zango a bakin kogi, ƙasa da madatsar ruwa. Rana ta biyu aka aiko matar Malam Yeo na naƙuda, ya sauka gari ya bar ni ni kaɗai. Da la'asar wani mutum ya zo a kan babur, ya miƙo mini takarda, ya ce, “Shugaba, duba wannan da kyau, ina da sauran wurare.” Na buɗe, na kalle ta kamar mai karatu, na gyaɗa kai na ce na gani. Gyu-tae yana tsaye kusa da ni, shekararsa goma sha huɗu, shi ne jagoran tanti na huɗu. Da a ce na miƙa masa, da ya karanta mini da numfashi ɗaya. Amma na dubi yaran suna kallona, na ninke ta na sa a aljihu.

Takardar cewa ta yi za a saki ruwa da ƙarfe shida na safe, kowa ya bar gaɓar kogi.

Da safe aikin wanke tukwane ya faɗo kan Ma Yong-rae na tanti na huɗu, ɗan shekara goma sha ɗaya, mai giɓi, wanda ke kwaikwayon tafiyata in na juya baya. Gyu-tae ne ya tura shi, haka tsarin yake. Ya sauka kogi ba takalmi. Da muka ji rurin ruwa na hura usur, kowa ya shige tantinsa a kan tudu kamar yadda muka koya musu. Malam Yeo kan kira suna daga takarda. Ni da ba zan iya ba, dabarata ita ce in bi ƙofar tanti in ƙirga takalma, tunda ba mai shiga da su. Na ƙirga. Ashirin da uku, cif. Na ce alhamdu, kowa na nan, na tafi dafa shinkafa. Sai da aka raba abinci kwano ɗaya ya rage ba mai ɗauka. An yi awa guda ke nan. Bayan kwana biyu aka same shi a gindin gada.

Da 'yan sanda suka zo, mai babur ya ce ya ba wani mai kayan sikawut takarda, bai riƙe fuska ba. Ni na ce ban ga takarda ba. Gari ya yanke cewa yaro aka ba, kuma wane yaro in ba jagoran tantin ba? Gyu-tae, ka dube ni a ofishin nan, na sunkuyar da kai. Ba ka ce komai ba, a ranar ko bayanta. Shekara huɗu ana jifanka da tsakuwa a hanyar makaranta, sannan ka ɗauki jaka ka tafi tashar gina jiragen ruwa. Na san ka ɗauka na karanta ne na manta. Abin ya fi haka muni, ɗana. Girman kai ne.

Bayan rasuwar mahaifiyarku, ina da shekara sittin, na shiga makarantar yamma ta manya, ni da tsofaffin mata tara masu yi mini tsiya wai na zo neman aure. Wata biyar na yi kafin in iya buɗe takardar in karanta da kaina. Layi uku ne kacal. Na yi zaton ranar zan yi magana. Na ƙara shekara goma sha tara ina shiru, duk Agusta ina tsayawa gaban tsofaffin yarana a bakin kogi ina jagorantar tunawa da Yong-rae da takardar a ƙirjina.

Na huɗu. Gyu-man, a ranar jana'izar mahaifiyarku ka sha giya ka ce wa yayanka, “Mai kashe ɗan mutane, wa ya gayyace ka?” Ina zaune ina ji. Yanzu ka san wanda ya kamata ka gaya wa haka, kuma ina nan har yanzu, ka zo ka gaya mini. Amma shi ka durƙusa masa, goshi a ƙasa. Na san za ka ce in bar maganar, kana da shago a kasuwa, mutane za su yi da mu. Su yi. Yayanka ya sha wannan yana yaro, kai da furfura a kai za ka iya.

Na biyar. Uwar Yong-rae tana nan a gidanta na bayan coci, ta haura tamanin. Hye-ran, ki je ranar Juma'a ki karanta mata wannan tun daga sama, kada ta fara ji a cikin taro. In ta ce kada in taka bakin kogin, sai a tsayar da ni a kan hanya in yi magana daga can. In ta tofa mini yawu, kada wanda ya goge. Bayan raina ku ci gaba da kai mata kabeji lokacin haɗa kimci, wato jiƙaƙƙen kabejin hunturu, in ta karɓa.

Na shida, na Da-som ne, da duk wanda za a taɓa ba amanar 'ya'yan mutane. A kira suna, a ji murya, a ga fuska. Abin da ba ka sani ba ka faɗa da ƙarfi, ko da a gaban yara ne, ko da ranar za su daina sara maka.

Ranar Asabar, a taron tunawa da Yong-rae, zan ɗaura wa jikata ƙyallenta, sannan in cire takardar in karanta da bakina a gaban kowa, in faɗi aljihun da ta kwana. Ina gwadawa kullum da safe, numfashina yana kai ni ƙarshen layi na biyu, na uku nake fama da shi. In na kasa, ko ban kai Asabar ba, Hye-ran ta ƙarasa. Gyu-tae, ban ce ka yafe mini ba, kuma in ka fasa bari in taɓa wuyan 'yarka bayan ka karanta wannan, ka yi daidai. Ka dai zo ka tsaya a inda mutanen garin nan za su gan ka lokacin da za su ji.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Ni na raba gidan nan, ku ku haɗa shi, ku ci abinci a tebur ɗaya ko sau ɗaya ne a shekara. Ku gaya wa kowa, tsofaffin yarana, da matan ajinmu, da 'yan kasuwa, har da waɗanda suka yi jifa: ƙarfe goma na safe, a ƙasan gada. Ku zo ku ga Da-som cikin kayanta, an ce rigar ta yi mata yawa. Ku zo ku ga ɗana.