Ƙotar Gudumar Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya jikin Hajara?

Jiya Baba yana kafa turke a gona, kan gudumarsa ya fice, ya wuce ta gefen kunnen Inna. Kullum a ruwan kanal ɗin ban-ruwa yake jiƙa ƙotar don ta kumbura, rana na busar da ita sai ta saki. Na sassaƙo sabuwa ta ƙirya, na tsaga bakinta zan cusa ƙarfe ya riƙe kan. Baba ya ƙi. Ya ce, "Malam, koma wajen ɗalibanka, wannan ƙotar mahaifina ce."

Maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka kira shi yau, gobe da ita zai koma gona.

A sa mu a addu'a, a gaida yara.

Ƙaninka,
Nura