Ƙungiyar Yaya Sabo ta Dawo Fili

Daren Alhamis, Birnin Gwari

Yau dai manhajar nan ta buɗe wasan ƙwallon Yaya Sabo.

Tun da aka tare motarsu a daji bai dawo ba. Injin wasan bidiyon shagonsa ma ya ƙone, abin da ya rage kawai ɗan katin da yake ajiye wasanninsa a ciki. Shi ya sa na nace wa wannan manhaja mai sa sabon inji ya kwaikwayi tsoho. Ban san masu haɗa ta ba. Fitowarta ta farko baƙin allo kawai ta nuna mini. Ta biyu ta kawo hoto babu murya. Bara 'yan wasan tafiya suke kamar a cikin taɓo, har na fara cire rai.

Bayan magariba na sauke sabuwar da suka saki, sai ga ƙungiyarsa a fili. Na manta ya goge sunayen 'yan wasan ya sa na samarin layinmu: Bala a gola, Yohanna a baya, shi kansa lamba tara. Bala ya koma Zariya. Yohanna kuwa da ni aka binne shi.

Inna ta jiyo ihun 'yan kallo daga tsakar gida, ta leƙo.

"Wannan ba ƙarar shagon yayanka ba ce?"

"Ita ce, Inna."

"Wanne ne shi?"

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta zauna a bakin ƙofa.

"Kar ka kashe," ta ce. "Bar shi ya ɗan yi gudu tukuna."