Yallaɓai, Ka Bar Ni In Riƙe Hannun Dije

Zuwa ga mai girma Shugaban asibitin nan namu na yankin Kafanchan, wanda ba sai na kama suna ba, tunda ya san kansa, mu ma mun san shi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina yi maka barka da aiki, ina kuma yi maka barka da sabon fenti. Duk wanda ya bi ta ƙofar asibitinka a 'yan watannin nan ya san an yi sabon shugaba. Bango ya yi fari fat, an shimfiɗa duwatsun intalok a tsakar fili, an dasa furanni, har da lasifika a saman baranda kamar tashar mota. Allah ya ƙara basira. Na so in faɗa maka wannan magana baki da baki, amma duk zuwan da na yi sai sakatarenka ya ce kana mitin. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai gani, wataƙila wani mai tausayi ya karanta maka a tsakiyar mitin ɗin.

Sunana Saratu, an fi sanina da Maman Yohanna, citta nake sayarwa a kasuwa. Ni ba ma'aikaciyarka ba ce, ba ni da farar riga. Abin da ya haɗa ni da asibitinka shi ne, shekarun baya a nan aka gano ina da sankarar mahaifa, aka tura ni Jos aka yi mini tiyata aka cire mahaifar gaba ɗaya. Ga ni nan da raina, har yau ina ɗaga buhu. Amma ranar da aka fara gwada ni ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni kaɗai na shiga ɗakin. Na ga ƙarfen gwajin nan mai kama da bakin agwagwa, ga shi tun a gida an cika mini kunne cewa da shi ake zaro mahaifar mace a ɓoye don kada ta sake haihuwa. Haka na hau gadon gwajin ba kowa a gefena. Da na warke sai na yi wa Allah alkawari cewa muddin ina iya takawa, ba macen da na sani da za ta sake hawa gadon nan ba tare da hannun da za ta riƙe ba.

Haka bencinmu ya samo asali. Wani tsohon benci ne a gindin mangwaro, bayan ɗakin gwaji, kusa da ƙaramar ƙofar baya. Duk ranar Alhamis, ranar da ake gwajin mata, mu da muka riga muka ji jiki sai mu zo mu zauna. Akwai matan zumunta daga coci, akwai Musulmi daga cikin gari, akwai masu zuwa tun daga Zonkwa da Kwoi. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ko anko ba mu taɓa ɗinkawa ba. Sabuwar mace takan shigo ta ƙofar baya da kwanonta a ka kamar mai zuwa cefane, ta zauna a tsakaninmu tana zare ido. Ni ba na dogon wa'azi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai in sassauta zane in nuna mata ɗinkin da ke cikina, in ce mata ga shi an yanka, kuma ga ni ina cin tuwo. Mukan faɗa mata gaskiya cewa akwai kunya, akwai ɗan rashin daɗi, amma ba ya daɗewa. Idan layi ya zo kanta sai ɗayanmu ta shiga da ita, ta tsaya ta wajen kai, ta juya fuska ga bango, ta riƙe hannunta tana yi mata hira da yarensu har sista ta gama. Sistocinka ba su taɓa kuka da mu ba, su da kansu suke leƙowa su ce a turo mai jin Bajju ko mai jin Fulatanci.

Yanzu bari in jero maka abubuwan ci gaba da ka kawo mana, don kada a ce ba mu da godiya.

Na farko, ka ɗauke bencin, ka sa an datse mangwaron, ka garƙame ƙofar baya da kwaɗo. A wurin yanzu furanni ne, ana ba su ruwa safe da yamma. Ina taya su murna. A asibitinka su ne kaɗai na ga ba sa bin layi kafin a kula da su.

Na biyu, ka kafa ƙaton allo da jan rubutu, ƊAKIN GWAJIN KANSA, wato sankara, har da kibiya mai nuna ƙofar don kada wani ɗan kallo ya yi kuskure. Allon kuma yana kallon babbar ƙofar shiga, daidai inda 'yan acaba ke jiran fasinja. Ranka ya daɗe, ban san inda ka yi karatu ba, amma a ƙasarmu idan aka ce wance tana da kansa, ba a tambayar wane iri ne ko ina ya kai. Sai dai maƙwabta su fara sassauta murya idan ta wuce, dangi su fara tunanin inda za a kafa rumfar makoki. Sai ga lasifikarka tana kiran mace da sunanta da sunan garinsu, da ƙarfin da mai shayi na tsallaken titi ma yana ji. Kafin ta gama ɗaura zane, labari ya riga ta isa gida a bayan babur.

Na uku, ka kafa doka cewa ba mai raka mara lafiya cikin ɗakin gwaji. Da na tambayi dalili aka ce mini don a kare sirrin mara lafiya ne. Wannan hikima ta fi ƙarfin kaina. Ni da na juya fuska ga bango ni ce mai tona asiri, lasifika kuwa ita ce mai rufa shi. A maimakonmu ka manna fosta a bango, wata kyakkyawar mata tana murmushi da fararen haƙora, da dogon Turanci a ƙarƙashinta. Na tsaya na dube ta da kyau. Ba ta da alamar wadda ta taɓa hawa gadon nan, kuma ba ta da hannun da za a riƙe.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, na sani. An gaya mini akwai wasu da suke shigowa da sunan rakiya suna tallar maganin gargajiya a cikin jaka, suna janye marasa lafiya zuwa wani wuri. Idan haka ne, laifi ne, kuma muna bayanka a kama su. Amma kai garin neman gira ka tsokane ido.

Na huɗu shi ne ainihin abin da ya hana ni sukuni, wato Dije.

Dije Bafulatana ce mai tallar nono, daga wata ruga ta wajen hanyar Zonkwa. Shekara da shekaru a inuwar rumfata take sauke ƙwaryarta ta huta, tana kirana Adda, wato yaya da yarensu. Yayarta ta rasu da zubar jini wanda ta ɓoye saboda kunya har ya kwantar da ita, sai a ƙarshe aka ce sankarar bakin mahaifa ce. Tun daga nan tsoro ya shiga Dije, amma ka san Bafulatana, ko wuta ce a cikinta sai ta ce maka lafiya lau. Damina guda na yi ina lallashinta. Ba ta taɓa tuɓe zane a gaban baƙo ba, ko haihuwa a ruga take yi. Abin da ya sa ta yarda a ƙarshe shi ne ɗinkin cikina da ta gani, da alkawarin da na yi mata cewa ba zan saki hannunta ba.

Mun zo kafin zuwanka, na shiga da ita, ta matse mini yatsu har suka yi tsami. Sista ta ce ta ga wani ɗan tabo a bakin mahaifa. Ta yi mana bayani cewa bai zama sankara ba tukuna, ana iya kashe shi a zama ɗaya da wata na'ura, amma idan aka yi sakaci zai iya rikiɗa ya zama irin abin da ya ɗauke yayarta. A lokacin na'urar ta lalace, aka ce mu dawo idan an gyara. Kafin a gyara na'ura, kai ka zo ka gyara asibiti.

Ranar da muka dawo, ƙofar baya a kulle, dole muka bi ta gaban 'yan acaba, waɗanda rabinsu furar Dije suke sha kullum. A bakin baranda maigadinka ya tare ni da sanda, ya ce da Hausarsa ta ɗan koyo, "Mama, oda ne daga sama. Mai kati kawai zai shiga. Mace ɗin ya shiga shi kaɗai, ke ki tsaya waje." Ban ga laifinsa ba, aikinsa yake karewa. Na roƙe shi da sunan Allah, na ce ya kira sista. Sista ta leƙo, ta dube ni, ta ɗaga yatsa sama wajen ofishinka, ta koma ciki. Dije ta dube ni, ni ma na dube ta, na ce ta daure ta shiga ina nan ina jira. Ta shiga ta zauna ita kaɗai a layi, ta ja gyale ta rufe rabin fuska. Sai lasifikarka ta yi aikinta. Ta kira Dije da sunanta, da sunan rugarsu, ta ce ta shiga ɗakin kansa, kuma da yake aikin na ƙwararru ne har ta maimaita. Ina kallo 'yan acaba suka juyo gaba ɗaya. Dije ta miƙe a hankali, ta gyara gyalenta, ta fito ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta kama hanya da ƙafa.

Kasuwar da ta biyo baya ta kawo nono kamar kullum. Ba wanda ya miƙa kwano. Wata ta ce wai ciwon yana bin nono, wani ya ce yana bin ludayi. Ƙarya ce, kai ka sani, ni ma na sani, amma ba a sanar da wannan a lasifika ba. Nonon ya wuni a ƙwarya, da yamma ta zubar da shi a bayan rumfata ta tafi. Tun daga ranar ba ta sake shigowa gari ba. Gwaggwaninta sun haɗa ta da jiƙe-jiƙe. Mijinta mutumin kirki ne, da na je rugar ya ce shi bai hana ba, amma ba zai ɗaure ta da igiya ya kawo ta inda aka kunyata ta ba. Na ji ciwo, Yallaɓai, kuma na ji kunya, domin ni na kawo ta da bakina. Tabon nan kuwa bai san an canja shugaba ba, yana nan inda yake.

Kuma ba Dije kaɗai ba ce. Ka tambayi sistocinka yadda layin Alhamis ya koma. Na ji ana cewa mata sun ragu saboda aikin citta. Haka ne, da can ai ba a noman citta a ƙasar Jaba, sai bana aka fara.

Ga roƙona, kuma ba wanda zai ci maka kuɗin fenti. A kashe lasifika a ɓangaren mata, a riƙa ba da lamba, sista ta kira a hankali. A sauke allon nan, ko a rubuta masa ɗakin lafiyar mata kawai. A buɗe ƙofar baya ranar Alhamis. A bar kowace mace ta shiga da mace ɗaya da ta zaɓa da kanta. Idan kana tsoron masu tallar magani, sista ta tantance mu, ta caje jakunkunanmu, ku rataya mana kati a wuya, ko ƙararrawa ce za mu ɗaura. Benci kuwa ba ma roƙon sabo, mu za mu kawo namu, ka dai nuna mana inuwa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kai ka kula da na'ura da magani, ka bar mana tsoron mu san yadda za mu yi da shi.

Makon jiya na sake komawa rugar. Na same ta tana wanke ƙore, ta rame. Na zauna na yi ta magana ba ta ɗago ba. Da zan tafi ta rako ni har bakin hanya, a nan ta ce mini, "Adda, saboda ke zan sake zuwa, amma sau ɗaya ya rage. In suka raba mu a ƙofa, ki mayar da ni gida, kada ki ƙara kawo mini maganar asibiti. In kin ji labari wata rana, ki zo ki yi wa yarana gaisuwa."

Don haka ina sanar da kai tun yanzu, Alhamis mai zuwa da safe zan je in ɗauko ta da kaina. Za mu tsaya a bakin barandarka, ni da ita. Ba zan yi faɗa da maigadi ba, ba zan ɗaga murya ba. Idan aka ce in tsaya waje, zan cika mata alkawari in mayar da ita gida, kuma na san ba za ta dawo ba. Yaranta ƙanana ne, ƙaramar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba.

Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya ɗaukaka ka zuwa kujerar da ta fi wannan. Allah ya kare mahaifiyarka da matarka da 'ya'yanka mata daga hawa gadon nan da tsoro. Idan kuwa ya ƙaddara wata daga cikinsu za ta hau, Allah ya sa ta samu hannun da za ta riƙe, kuma Allah ya sa kada a tare mai hannun a ƙofa.

Wassalam, ko kamar yadda muke cewa a coci, salama.

Taka mai biyayya,
Saratu Maman Yohanna, mai citta,
Kafanchan.