Kada Ki Jinginar da Gonar Rake

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafarki, yaya tarin ƙanena Wekesa? Ni lafiya lau a makaranta, sai dai Mombasa akwai nisa da gida.

An ce mu zaɓi jami'a. Ƙawata Akinyi ta ce, "Ke baƙauya, gwanar kwamfuta kamarki ai sai Nairobi." Murmushi kawai na yi. Ba ta san duk ranar ziyarar iyaye ɗakin kwamfuta nake shigewa ba, don kada a ga ba ni da baƙo. A nan na iya kwamfutar.

Na zaɓi wata ƙarama kusa da garinmu Bungoma, mai sauƙin kuɗi. Don Allah kada ki jinginar da gonar rake. Kuma can, ko a babur kya zo ganina.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Nasimiyu