Ƙwan Zabi Irin Na Inna

Daren Asabar, Haɗeja

Yau aka yi sunan 'yar Yaya Sani. Na dafa ƙwan zabi, na raba biyu, na murje gwaiduwar da bandar kifi da yaji, na mayar ciki, yadda marigayiya Inna take yi duk biki, a kora da zoɓon randa. Yanzu kowa robar shinkafa da lemon gwangwani ya ɗauka. Farantina ko kallo bai samu ba. Ban ji komai ba.

Bayan magariba na kai wa Baba, wanda yanzu bai cika gane mu ba. Ya ci ɗaya, ya kira ni da sunan Inna.

"Hajara, gishiri ya yi kaɗan."

Na ce, "To, Malam." Na tashi na ɗauko gishirin.